Daga randa zuwa salula: tangaran mai tare wuta da mai sakar mata hanya



Tun shigowar bazara saƙonni iri biyu ke ta maimaita kansu a layinmu. Na farko daga ƴan uwa da ke Abijan da Libiya da Legas yake fitowa, wani lokaci kuma daga iyayensu a Barmu ko Afala ko Takanamat. Yaro ya tara guminsa ya aiko wa tsohuwa salula, ba ta yi wata uku ba ta ɗauke. An kai ta kasuwar Tawa, mai gyara ya buɗe, ya sa ɗan hantsaki ya tsinko wani abu da bai kai ƙwayar gero ba, ya ce wanga ne ya kashe ta, ya karɓi kuɗinsa. Sai mai aikowa ya bugo mana rai a ɓace: "Don Allah ku gaya mini, ba cuta ba ce kuwa? Ƙaƙa abin da ido ba ya gani sosai zai kashe salula sukutum?"

Na biyu daga ɗalibai ne. Sun ga bidiyo a Facebook da WhatsApp, wani baƙin tsingaro yana shawagi bisa maganaɗisu, ana cewa an gano abin da zai ɗauki wutar lantarki daga gari zuwa gari ba ta ragu ko kaɗan ba. Suna son su ji yaushe zai iso Tawa a huta da ɗaukewar kuran.

Tambayoyin ba su yi kama ba, amma gidansu ɗaya. Abin da mai gyara ya tsinko da abin da ke shawagi a bidiyo duk gasasshen gari ne, dangin tukunya. Turawa na ce musu seramik, mu bari mu ce tangaran. Wani tangaran aikinsa tare wuta, masana na kiran irinsa dayilektirik. Wani kuma sakar mata hanya yake yi gaba ɗaya, shi ne sufakondakta. Na farkon yana cikin aljihunmu yanzu haka. Na biyun da sauran tafiya a gabansa.

Me ya hana a ɗora randa bisa poto?

Mu fara da abin da kowa ya sani. Mai ginin tukwane takan haƙo yumɓu ta jiƙa, ta haɗa shi da dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi, ta kwaɓa, ta gina, ta shanya, sannan ta jera kayanta a fili ta lulluɓe da kara da kashin shanu ta kunna. Wutar nan takan kai digiri 600 zuwa 900. Wannan zafi ya isa ya mai da laka tukunyar da ruwa ba ya narkar da ita, amma bai isa ya toshe ƴan ƙofofin da ke jikinta ba. Shi ya sa sabuwar randa take gumi. Ruwan da ya tsattsafo iska ta kwashe shi, ta tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Ga mai ƙishirwa a watan Afrilu wannan ni'ima ce. Ga mai harkar lantarki kuwa aibi ne, don jiƙaƙƙen abu hanya ce ga wuta.

Yanzu ku ɗaga kai duk inda babban layi ya ratsa, ku dubi abin da ke riƙe waya a jikin poto. Wani kore-kore ne na gilashi, wani na roba ne, amma mai ruwan ƙasa-ƙasa mai sheƙi ɗin nan tangaran ne. Da farar ƙasa ake yin sa, wadda ake kira kawolin, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, a haɗa ta da yashi mai tsabta da wani dutse mai saurin narkewa, a gasa a rufaffen tanderu har digiri 1200 zuwa 1300. A wannan zafi dutsen yakan narke ya zama kamar ruwan kwalba, ya malala ya cike kowace ƙofa. In ya huce, ruwa ba ya shiga, wuta ba ta ratsawa. Bambancin randa da abin da ke bisa poto ke nan: tsabtar ƙasa da ƙarfin gashi.

Siffarsa ma ba ado ba ce. An yi shi hawa-hawa kamar an kife kwanoni an jera, don wutar da ta kasa ratsa cikinsa tana neman ta bi ta fatarsa ta sauka ƙasa. Kowane lanƙwasa ƙarin tafiya ne gare ta, kuma ƙarƙashin kowane kwano yana zama a bushe ko ana ruwa. A 1907 wasu injiniyoyi biyu a Amurka, Harold Buck da Edward Hewlett, suka fito da dabarar rataya irin waɗannan faifai a jere kamar sarƙa, a ƙara yawansu gwargwadon ƙarfin layi. Don haka mai lura zai iya ƙirga faifai ya kintaci layin da yake kallo. Layin da ke kawo wuta daga Katsina zuwa Gazawa, wanda ya daɗe yana ciyar da Maraɗi da Damagaram da wani ɓangare na jihar Tawa, mai bolt 132,000 ne, irinsa kuwa faifai tara ko goma yakan ɗauka a kowace sarƙa. Ƙananan layukan da ke shiga garuruwa biyu ko uku sun ishe su.

Abokiyar gabar wanga tangaran a ƙasarmu ita ce ƙura. Tun daga ɗari har bazara hazo na zuba masa, wata bakwai ko takwas ba wanki. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, to madalla, ya wanke shi tas. In kuwa yayyafi ne ko raɓa, sai ƙurar ta zama siririyar laka, wuta ta samu gada, ta yi tsalle da tartsatsi, na'urar kariya ta yanke layi. Ba shi kaɗai ke kawo ɗaukewar kuran a farkon damina ba, akwai iska da tsawa, amma yana cikin dalilai.

Abokin gaba na biyu namu ne na gida: yaro da ɗanko. Tsuntsu ya sauka bisa poto, ko ma babu tsuntsun, faifan kawai ake gwada saiti da shi. Tangaran da ya tsage ya koma randa, yana shan ruwa, wata rana da hadari ya fashe, ƙauyuka da dama su kwana a duhu, allurar rigakafi ta lalace a firjin likita. Iyaye da malaman makaranta, a yi wa yara maganar nan don Allah.

Randar wuta

To mu koma kan salular tsohuwa. Abin da mai gyara ya tsinko sunansa kondansater. Matar da ke da famfo a ƙofar gida, amma ruwan yana zuwa yana ɗaukewa, ba ta jiran famfo in za ta ɗora tukunya. Randa take cikawa, ta ɗiba lokacin da take so. Haka ƙwaƙwalwar salula take. Ba a hankali take shan wuta ba, kurɓa take yi farat ɗaya, sau miliyoyi cikin daƙiƙa, batir kuwa ya yi nisa kuma ya yi nawa. Sai aka kewaye ta da ƴan randunan wuta, su cika, su juye, su sake cika.

Ginin kondansater ba wuya: falle biyu na ƙarfe suna fuskantar juna, a tsakaninsu wani abu da ba ya barin wuta ta ƙetare. Yawan wutar da zai ajiye ya danganta da abin da ke tsakanin. In an ɗauki iska a matsayin 1, wani dutse mai ɓarewa falle-falle da ake kira maika yana ba da wajen 7. Da maikar nan aka yi rediyoyin farko, akasarinta daga Indiya ake ɗauko ta. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, jiragen ruwa suka shiga nutsewa, ga sojoji na buƙatar rediyo da na'urar hango jirage ba adadi, sai kowace ƙasa ta shiga neman madadi. Tsakanin 1942 da 1945, ba tare da sun san da juna ba, Wainer da Salomon a Amurka, Ogawa a Japan, da Vul da Goldman a Mosko, duk suka faɗa kan abu guda. In aka haɗa garin bariyom da farin garin titaniyom aka gasa, ana samun tangaran da awonsa ya haura 1000. Sunansa bariyom titanet. Kayan haɗin ba baƙi ba ne: farin garin titaniyom shi ke sa fenti fari, bariyom kuwa daga wani farin dutse mai nauyi ake samun sa, irin wanda ake haƙa a Azara ta jihar Nasarawa.

Sirrinsa yana cikin zaman ƙwayoyin zarra. Kowace ƙwayar titaniyom tana zaune cikin ɗan keji na ƙwayoyin oksijin shida, amma ba a tsakiya cif take ba, ta ɗan karkata. In aka turo wuta sai su karkata gefe guda, kamar gonar gero in iskar hadari ta taso. Wannan karkatar ita ce ajiyar. In aka saki, su koma, su mayar da abin da suka karɓa. Amma in zafi ya kai wajen digiri 120 zuwa 130, ƙwayar takan koma tsakiya, daga nan baiwar ta fara zubewa.

Yadda ake ƙera shi a yau, mai ginin tukwane za ta gane kowane mataki. A niƙa gari ya fi na tuwo laushi sau ɗaruruwa, a dama shi kamar koko, a shimfiɗa falle siriri, a shafa masa ruwan ƙarfen nikel, a ɗora wani falle, a sake shafawa, har hawa ɗari-ɗari, wani ma ya kusa dubu. A danne, a yayyanka, a gasa. Kaurin falle guda yakan kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita, wato sai an tara wajen 70 kafin su kai kaurin gashin kai. Wasu ƙanana a kasuwa tsawonsu rubu'in milimita ne, tamkar ƙwayar yashi. Salula ta zamani mai shafawa tana ɗauke da wajen 1000.

Abin da ya fi burge mu cikin tarihin nan shi ne asalin masu sana'ar. Kamfanin da ya fi kowa ƙera su a duniya, Murata, Akira Murata ne ya kafa shi a 1944 a birnin Kiyoto na Japan, kuma ɗan gidan masu gasa tangaran ne. Kyocera, wanda aka kafa a 1959 a wannan birni, sunansa ma daga Kiyoto da seramik aka yanko shi. NGK mai yin faifan layukan lantarki ya ɓalle ne a 1919 daga wani kamfanin farantai da kofunan shayi. Jikokin magina tukwane ne ke riƙe da salular duniya. In mun tuna yadda a wasu garuruwanmu ake yi wa mai ginin tukwane kallon ƙasa-ƙasa, abin akwai ban kunya.

Yanzu amsar ɗan uwanmu na Abijan. Tangaran yana da halin tukunya: yana jure zafi da matsi, ba ya jure lanƙwasa. Salula ta faɗi bisa dutse, ko an sa ta a aljihun baya an hau babur daga Kalfu zuwa Tawa, allon cikinta ya ɗan tanƙware, kondansater guda ya tsage. Ba a ranar take mutuwa ba. Gumi da laima su shiga tsagar a hankali, falle ya haɗu da falle, wuta ta samu gajeriyar hanya. Daga nan batir ya riƙa ƙarewa da wuri, bayan salula ya riƙa zafi, ran nan ta ƙi tashi. Mai gyara yakan ba allon ƴar wuta kaɗan, ya nemi wanda ke ɗumi cikin dubun nan. Shi kansa abin, a farashin sari, bai kai dala ba. Neman ake biya, da ido, da hannu marar rawa. Wani lokaci ma cirewa kawai yake yi bai maye gurbi ba, salula ta tashi, don maƙwabtansa na ɗaukar aikin. Saboda haka galibi ba cuta ba ce.

Zafi fa? A Afrilu da Mayu ma'auni a Tawa yakan wuce digiri 40, wata rana ya doshi 45, a inuwa ke nan. Cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka nesa. Kondansater ɗin tangaran aji-aji ne. Mai alamar X7R an yi shi ya yi aiki har digiri 125. X5R iyakarsa 85. Akwai mai araha, Y5V, wanda ƙa'idarsa ta yarda ya zubar da har kashi 82 cikin 100 na ajiyarsa in yanayi ya tsananta. Mai saye ba shi da hanyar ganin wanne aka sa masa, amma in kaya ya yi arhar da ta wuce hankali, a irin waɗannan wurare aka rage. Sai dai mu faɗi gaskiya, a cikin caja da na'urar daidaita wutar panno, wanda zafi ke fara kashewa ba na tangaran ba ne. Mai kama da ƴar gwangwani ne, mai ruwa a ciki, wanda kan kumbura. Masu sana'ar na lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Don haka wanda ya aiko da kayan sola ya ja kunnen na gida: panno ne kaɗai ke son rana, sauran kayan a sama musu inuwa da iska, a riƙa kaɗe musu ƙura.

Sauran dangi, a gurguje

Farin da ke jikin bujin babur da na injin ban ruwa, wanda ƴan Najeriya ke ce wa fulogi, tangaran ne na alumina, yana tsare dubban bolt a bakin wuta. Ƙyas ɗin da birike ke yi, ɗan guduma ne ke bugun wani tangaran da in an matse shi yake fitar da wuta. Ƴan uwa biyu a Faransa, Pierre da Jacques Curie, suka gano wannan hali a jikin wasu duwatsu a 1880, tangaran mai yin haka da ƙarfi kuwa a shekarun 1950 aka samo shi a Japan da Amurka. In aka juya lamarin, aka ba shi wuta, sai ya yi rawa ya fitar da sautin da kunne ba ya ji. Da shi ake yi wa mai ciki eko: sauti ya shiga, ya dawo, na'ura ta zana jariri.

Akwai guda da ya kamata kowane mai gida ya sani. A 1968 Michio Matsuoka na kamfanin Matsushita a Japan ya samo tangaran na garin tutiya mai hali biyu. In wuta na tafiya daidai, bango ne, ba ya barin komai ya wuce. In ta yi tsalle, cikin ƙiftawar ido ya zama ƙofa, ya karkatar da rarar, ya sake rufewa. Shi ne ɗan faifan nan, galibi shuɗi, da ke cikin soket mai baki da yawa na kirki da caja ta kirki. Na wutar gida mai bolt 220 sau da yawa za ku ga an rubuta masa 471, ma'ana wajen bolt 470 yake buɗewa. Manyansa ne ke tsaye kusa da tiransifoma suna jiran tsawa. Abu biyu za a riƙe. Kowane duka yana rage masa ƙarfi, ba ya dawwama. Kuma in aradu ta faɗo kusa, ba abin da zai iya. In hadari ya haɗo, a zare telebijin da caja daga bango, shi ne maganin.

Mai sakin hanya

Mai lambun albasa a Tamaske ko Galmi ya san cewa ruwan da ya fito bakin inji ba shi ke isa fangalin ƙarshe ba, ƙasa na shan rabonta a hanya. Haka wuta take cikin waya. Ko jan ƙarfe mafi kyau yana yi mata tirjiya, wani kaso ya zama zafi ya bi iska. Taɓa wayar risho mai aiki ka ji. A faɗin duniya wajen kashi 8 cikin 100 na wutar da ake samarwa a hanya take ɓacewa, inda layi ya yi tsawo waya ta yi siriri kuwa abin ya fi haka.

Ranar 8 ga Afrilu 1911, a birnin Laidin na Holand, Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba har digiri 269 ƙasa da sifili, sai ya ga tirjiyar ta ɓace ɗungurungum. Wuta in ta shiga zobe na irin wannan abu, tana ta zagaye ba ta ƙarewa. A 1933 Meissner da Ochsenfeld a Jamus suka ƙara gano cewa yana korar ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa, asalin shawagin da ake gani a bidiyo ke nan. Matsalar ita ce sanyin. Sai da ruwan iskar hiliyom ake kaiwa can, ga tsada ga wuyar samu. Shekara 75 ana ta gwada ƙarafa, ba a matsa sama da digiri 250 ƙasa da sifili ba. Duk da haka an ci moriya: na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira IRM da irin wannan wayar ƙarfe take aiki, tsundum cikin hiliyom.

Sai 1986. A ɗakin binciken kamfanin IBM kusa da Zurik ta Suwizalan, Alex Müller da Georg Bednorz suka bar ƙarafa suka koma inda ba mai dubawa. Dukansu sun yi shekaru suna nazarin wani ɗan uwan bariyom titanet, wato dangin masu tare wuta. Suka haɗa garin lantanom da bariyom da jan ƙarfe, suka danne, suka gasa. Baƙin tangaran da ya fito ya saki hanya a wajen digiri 238 ƙasa da sifili. Gidan da aka sani da tare wuta shi ya haifi wanda ya fi kowa sakinta. A 1987 aka ba su kyautar Nobel, shekara guda kacal bayan aikin.

Kafin kyautar ma an wuce su. A farkon 1987 Maw-Kuen Wu na Alabama da Paul Chu na Hustan suka musanya lantanom da itiriyom, suka kai digiri 180 ƙasa da sifili. Wannan adadi shi ya tada duniya, don ruwan naitirojin yana tsayawa a 196 ƙasa da sifili, naitirojin kuwa shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, ba a rasa shi. Ranar 18 ga Maris 1987 masana kusan 2000 suka cika wani otel a Niyok, ana ta bayani har bayan ƙarfe uku na dare. Jaridu suka yi ta alkawarin jiragen ƙasa masu shawagi da wuta kamar kyauta. A 1988 Hiroshi Maeda a Japan ya ƙara matsawa, a 1993 kuma aka kai wajen 140 ƙasa da sifili a Zurik, da tangaran mai zaiba a ciki. A matsin iska na yau da kullum, kusan nan aka tsaya.

Ku auna da kanku. Firizar mai ƙanƙara 18 ƙasa da sifili take. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a tashar yanayi a doron ƙasa, a Antatika cikin 1983, 89 ne. Ɗarin da ke sa mu kewaye wuta da asuba a Abalak ko sifilin ba ya kaiwa. Farin tururin da ke tashi a bidiyon nan, ruwan naitirojin ne aka zuba. Da ya ƙafe, tsingaron zai sauka ya zauna.

Ga kuma matsala ta biyu: wa ya taɓa naɗe tsingaro kamar igiya? An ɗauki kusan shekara ashirin kafin a ƙware wajen shafa tangaran siriri ƙwarai bisa zirin ƙarfe mai lanƙwasuwa. Yau ana sayar da shi, ana kuma aiki da shi. A 2014 birnin Esen na Jamus ya fara aiki da wayar tangaran mai sakin hanya mai tsawon kilomita 1, a ƙarshen 2021 Shangai ta Sin ta kunna tata mai kilomita 1.2. Ku lura da tsawon. Cikin manyan birane ne, inda ƙarƙashin titi ya cika babu wurin ƙara waya, kuma injin sanyaya yana aiki dare da rana, shi ma wuta yake ci. A ce za a shimfiɗa irinta ɗaruruwan kilomita cikin zafin Adar, a ajiye injin sanyi a kowane zango, a ganinmu ba maganar yanzu ba ce.

Kuma ko da an shimfiɗa, waya ɗauko wuta take yi, ba ta haifar ta. Mun gani a Agustan 2023 lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya: layi lafiyarsa lau, abin da zai bi ta cikinsa ne babu. Hanyar da ta fi kusa da mu ta rage asara ita ce a samar da wuta kusa da mai shan ta. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a Nuwamban 2018, ita ce irinta ta farko a Nijar, kuma a jiharmu take. Farfesa Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1969 ya karɓi ragamar ofishin makamashin rana na ƙasa yana nuna wannan hanya.

Bidiyon da ɗalibanmu suka gani, da dama daga cikinsu na Yulin 2023 ne, lokacin mu a nan hankalinmu na wani wuri. Wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce sun haɗa wani abu da dalma da jan ƙarfe, suka sa masa suna LK-99, wai yana sakin hanya a zafin ɗaki ba sanyaya. Duniya ta ɗauka. Cikin ƴan makonni ɗakunan bincike a ƙasashe da dama suka gasa nasu, ba wanda ya ga abin da aka faɗa. A Agusta cibiyar Max Planck da ke Shitutgat a Jamus ta samar da shi tsantsa ba gauraye, sai ga shi mai tare wuta ne. Alamun da suka ruɗi mutane daga wani datti mai jan ƙarfe da farar wuta suka fito. Duk ran da irin wanga labari ya sake zagayowa, tambaya biyu sun isa: a sanyi nawa yake aiki, kuma wani ɗakin bincike dabam ya maimaita ya gani?

Akwai ƙaramin ɗan uwan wannan labari da ke yawo a kasuwanni da intanet: ɗan akwati da ake cusawa a soket, wai yana rage kuɗin kuran da rabi. In aka buɗe shi, yawanci kondansater guda ne da ƴar fitila. Randa ba ta haifar ruwa, kuma mitar gida abin da kayan gida suka ci take ƙirgawa. Ƴan uwa na waje, kada ku ɗauko shi cikin tsaraba. In kuna son kuɗin ya yi aiki a wutar gida, ku sayi waya mai kauri tsakanin panno da batir, a kuma rage tsawonta iya yadda za a iya. Jan ƙarfen da ke cikin waya in ya ninka biyu, asarar hanya takan ragu da rabi. Kafin a biya, a kankare bakin wayar da wuƙa. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. In fari ya bayyana, alminiyom ne aka yi wa shafe, sai a nemi wadda ta fi ta kauri ko a canza shago.